College Hoops 2K8: dara ce ko lido? Abinda na gani bayan shekara biyu ina bugawa

Na jima ina cewa zan yi rubutu akan gem ɗin nan na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka da kai ne koci a ciki, kullum sai in ce bari in ƙarasa sizin ɗin da nake ciki tukunna, to shi kuma sizin baya ƙarewa, kana rufe ɗaya farautar sababbin yara ta taso, kafin ka farga har an shiga wani. Abinda ya zaunar dani yau musu ne da ya ɓarke tsakanina da ƙanena daren Asabar, muka ɗaga murya har saida Hajiya ta leƙo tana tambaya wai wa ya mutu. Babu wanda ya mutu, yaransa na cikin gem aka fitar daga babbar gasa a wasan farko.

Wajen wata biyu ya kwashe yana gina wata makaranta a nasa sebin ɗin, wato ajiyar wasansa, sizin na bakwai kenan, sun ci wasa 28 an cisu 4, aka basu lamba ta 2 a yankinsu aka haɗasu da wata 'yar makaranta mai lamba ta 15 wadda ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Tun kafin a tashi wasan yake lissafin wanda zai haɗu dashi a zagaye na uku. Ba'a fi rabin awa ba sai ga hannun gem akan katifa shi kuma yana tsaye yana huci.

"Yaya wallahi gem ɗin nan rinto yake. Tun kafin a fara ya riga ya rubuta sai an cireni."

"Zauna ka buɗe mana takardar wasan mu gani."

"Wace takarda kuma Yaya, kai ma fa kana kallo, ƙwallo ta shiga ta zagaya ta fito, sau nawa?"

Muka buɗe. Jifan maki uku 19 yayi, 3 ne suka shiga. Dogonsa na tsakiya ya kwashi fawul biyu tun farko-farko ya koma benci, maimakon ya nutsu ya nemi wata hanyar shiga ciki sai ya dinga harbi daga nesa kamar mai jifan mangwaro. Sannan uwa uba, rabin wasan nasa minti 6 ya saka saboda wai yana sauri ya kai fainal kafin a ɗauke wuta. Riƙe wannan minti shidan, zan dawo kansa, domin a nan rabin amsar take.

Ban yi masa dariya sosai ba saboda nima na taɓa yin abinda yafi nasa muni. A sizin ɗina na biyar wani yaro da retin ɗinsa, wato makin ƙarfin da gem ya bashi, bai kai ya kawo ba ya tashi a rabi na biyu ya zazzaga min uku-uku har biyar, na miƙa hannu na kashe injin kafin yayi sebin, na kunna na sake wasan na ci. Har kofin rukuninmu, wato na makarantun da muke karawa dasu duk sizin, na ɗauka a wannan shekarar, amma wlh duk sanda na buɗe tarihin kocina naga wannan kofin sai in ji kamar kayan aro ne a jikina.

Ga wanda bai san gem ɗin ba. College Hoops 2K8 ƙwallon kwando ce ta jami'o'in Amurka, kamfanin 2K Sports ya fitar dashi a watan Nuwamba 2007 a PS2 da PS3 da Xbox 360, hoton Greg Oden na Ohio State ne a jikin kwalin. Shine na ƙarshe a zuriyarsa, farkon 2008 kamfanin ya sanar cewa babu na 2K9 saboda basu daidaita da masu bada lasisin makarantun ba. Kamfanin EA suka ci gaba da nasu gem ɗin kaɗan har zuwa NCAA Basketball 10 a ƙarshen 2009, daga nan kuma aka yi tsit sama da shekara goma, ga shari'ar Ed O'Bannon tsohon ɗan wasan UCLA da ya kai ƙara a 2009 akan ana cin kuɗi da kamanninsa a gem ba'a bashi ko sisi ba. Shi yasa har yau masu son abin suke maƙale da tsohon faifan nan, da tsohuwar zuma dai ake magani. Ni a PS3 nake bugawa, kuma gsky ba don wasan hannu nake kunna shi ba, don ɓangaren da suke kira Legacy ne, inda kai ne koci. Iri biyu ne, akwai wanda zaka ɗauki duk makarantar da kake so, akwai kuma na Career da zasu jefaka ƙaramar makaranta da kocin da bai iya komai ba tukunna, ka dinga raba ɗan makin da ake baka duk mako wajen kiran yaran sakandare da ziyartar gidajensu da tayin sikolashif, yaro mai tauraro biyar ko kallonka bazai yi ba, sai ka haƙura da masu tauraro ɗaya da biyu ka rene su shekara huɗu. In kayi abin kirki manyan makarantu su fara nemanka. Duk mako akwai shirin talabijin na cikin gem ɗin da Greg Gumbel da Clark Kellogg suke kawo rahoto, a fili kuma Verne Lundquist da Bill Raftery ne suke sharhi. Ranar da ake sanar da waɗanda suka samu shiga babbar gasa kuwa, in kana bakin layi, Allah sai gabanka ya faɗi, kai da kasan faifai ne kawai yake juyawa.

To ita babbar gasar ita ce tushen duk wannan rigima. A Amurka suna ce mata March Madness, wato haukar watan Maris, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Yanki huɗu ne, kowane yanki an jera ƙungiyoyi daga lamba ta 1 zuwa ta 16 gwargwadon ƙarfi, na 1 ya kara da na 16, na 2 da na 15, haka dai. Wasa ɗaya ne tak, aka ci ka ka tafi gida. Babu gida da waje kamar Champions League, babu bakwai-a-ci-huɗu kamar NBA. Sannan wasan kansa minti 40 ne ba 48 na NBA ba, fawul biyar ake korar mutum ba shida ba, masu bugawar kuma yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22 da wani bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Kafin ka ɗauki kofi sai ka ci wasa shida a jere. Yanzu kayi lissafi da kanka a waya, ace ƙungiyarka tana da ƙarfin da duk wanda ta haɗu dashi sau 8 cikin 10 zata doke shi, wanda ba ƙaramin ƙarfi bane, ka ninka wannan sau shida, abinda zai rage maka kashi 26 ne cikin ɗari. Wato gwanin gwanaye ma sau uku cikin huɗu hannu rabbana zai koma. Mu da muka taso da Winning Eleven a gidan gem, inda in ka ɗauki Brazil kuma ka iya hannu to magana ta ƙare, wannan lissafin baya shiga kanmu da sauƙi.

Sai jifan maki uku, wanda shine babban ɗan lidon wasan. Ɗauki ƙungiyar da cikin jifa ɗari take zura 35, kusan haka matsakaiciyar ƙungiyar jami'a take. A wasa ɗaya ta jefa 20. Lissafi yace 7 zasu shiga, amma bakwai ɗin nan tsakiya ce kawai, yau 5 gobe 9 duk ba abin mamaki bane, kuma tsakanin 5 da 9 maki goma sha biyu ne cur, wanda ya isa ya juya kusan kowane wasa. Kuma kusan sau ɗaya cikin wasa 23 irin wannan ƙungiyar zata tashi da 3 ko ƙasa da haka ba tare da kowa ya mata asiri ba. Sizin wasa talatin da 'yan kai ne, kenan wannan baƙin daren yana nan tafe kusan duk shekara, addu'arka kawai ya faɗo a Disamba kada ya faɗo a Maris. Na ƙanena a Maris ya faɗo.

Da na gaya masa haka sai yace ai wannan lissafin takarda ne, a gaske babbar ƙungiya bata yin haka. Nace to zauna. Ranar 16 ga Maris 2018 Virginia ta shigo gasa a matsayin ta ɗaya a duk ƙasar, ta ci wasa 31 an cita 2, aka haɗata da UMBC mai lamba ta 16, kuma kafin wannan daren masu lamba ta 1 sun kara da masu ta 16 sau 135 basu taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Aka tafi hutu 21 da 21. Aka dawo wani yaron UMBC Jairus Lyles ya kama da wuta, ya tashi da maki 28, aka gama 74 da 54. Tazarar maki ashirin fa, ba da ƙyar ba. Virginia ta jefa maki uku 22 ta zura 4, su UMBC suka jefa 24 suka zura 12. In da a gem ɗin nan hakan ta faru da ƙanena da yanzu muna neman kuɗin sabon talabijin. A 2023 kuma Purdue da dogonsu Zach Edey mai ƙafa 7 da inci 4 suka haɗu da Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da tafi kowa gajarta a duk ajin farko na jami'o'in ƙasar, wadda ko kofin rukuninta bata ci ba, ta shigo ne saboda Merrimack da ta ci kofin doka bata bata damar shiga ba tukunna. Edey yayi nasa, maki 21 da ribawun 15, wato cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, amma abokansa suka jefa 26 daga nesa 5 suka shiga, aka cire Purdue 63 da 58. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Shi kansa abinda ya sami ƙanena, lamba ta 15 ta cire ta 2, daga 1985 zuwa 2025 ya faru sau 11 cikin wasa 160. Ba kullum ba, amma ba tatsuniya bace. Abin da yafi burgeni shine yadda suke zuwa a cure, a 2012 rana ɗaya Norfolk State ta cire Missouri Lehigh kuma ta cire Duke, sannan 2021 da 2022 da 2023 shekara uku a jere sai da aka yi, bayan akwai lokacin da aka shafe shekara goma tsakanin 2002 da 2011 ba'a gani ba ko sau ɗaya. Haka sa'a ta gaskiya take, bata bin layi bata raba daidai, wani lokacin ta ɓace ɓat wani lokacin ta zo ta tare a ƙofar gidanka. Mu kuma ƙwaƙwalwarmu in taga abu ya maimaitu sau biyu sai tace akwai hannu a ciki.

Mu 'yan Najeriya ma muna da namu tabon a wannan gasa. Hakeem Olajuwon ɗan Legas, 1983, yana Houston tare da Clyde Drexler, sun ci wasa 26 a jere kafin fainal, suka haɗu da NC State da aka ci sau 10 a wannan sizin. Kocin NC State Jim Valvano ya sa yaransa suna yin fawul da gangan a ƙarshe saboda yasan 'yan Houston hannunsu na rawa a layin jifan kyauta, kuma hakan akayi suka zubar. Saura daƙiƙu ana 52 da 52 Dereck Whittenburg na NC State yayi wani harbi daga nesa da ko kwandon bai kai ba, Lorenzo Charles ya cafe a sama ya dankara, 54 da 52. Jifan da ya ɓaci ne ya zama fasin da ya ci kofi. Olajuwon aka ba gwarzon gasar duk da an cisu. Wane mai haɗa gem ne zai rubuta wannan ba'a zage shi ba?

Amma fa kar a ɗauka ina cewa duk shirmen da gem yayi sai a ce ai haka rayuwa take. A'a. Akwai ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne nake ba 2K8 makinsa. Waɗancan wasa 160 na lamba ta 1 da ta 16, biyu ne kacal ƙaramin ya ci, 158 babban ne. A sizin ɗin da gem ɗin ya fito ma, a gasar 2008, duka masu lamba ta 1 huɗun ne suka kai zagayen 'yan huɗu, Kansas da Memphis da North Carolina da UCLA, aka sake irin haka a 2025. Wato hauka tana da iyaka. Ƙaramin yakan ci wasa ɗaya, wani lokacin biyu ko uku kamar Saint Peter's a 2022 ko Davidson ta Stephen Curry a 2008, jefi-jefi ya kai 'yan huɗu kamar George Mason a 2006, amma kofin kusan kullum gidan manya yake kwana, mafi ƙasƙancin lamba da ta taɓa ɗauka ita ce ta 8, Villanova a 1985, kuma sai da suka zura 22 cikin jifa 28 a fainal kafin suka tsira da maki biyu akan Georgetown. Don haka in kanaso ka gwada gem irin wannan kar ka auna shi da dare ɗaya, balle daren da aka ci ka. Ka buɗe sabon sebin ka bar kwamfuta ta buga sizin goma ita kaɗai kana kallo. Nayi hakan wani hutun sallah da ba inda zani. Abinda na gani shine manyan makarantu ne suke juya kofin a tsakaninsu, duk shekara akwai mai lamba ta 11 ko 12 ko 13 da zai ɓata wa wani rai a zagayen farko, can ba'a rasa ba wani ƙarami ya yi nisa sannan a dawo dashi hayyacinsa. Siffar ta yi kama da ta gaske, kuma ita nake nema.

Na san darajar hakan ne saboda na ɗanɗana kishiyarsa. Akwai wani gem na waya, bazan kama suna ba, shima na kocin jami'a ne, na bashi kusan wata uku da data mai yawa. A can duk sanda na bada tazarar maki goma sha biyar sai kawai yarana su manta yadda ake ƙwallo, ba gajiya ba fawul ba canjin tsaro daga abokin karawa, haka kawai, a kamo ni a wuce, wasan na ƙarewa kuma sai ga talla ta fito wai in sayi wasu tsabobi in ƙara wa 'yan wasa kuzari. Sau ɗaya zaka ce tsautsayi, sau goma kuma ai ko makaho ya shafa ya ji. Ka buɗe takardar wasan babu abinda zaka kama kace ga dalili. Sannan makarantar da ta ƙare sizin an cita fiye da yadda ta ci sai ka ganta da kofi, shekara ta zagayo wata irinta ta sake ɗauka. Wannan ba sa'a bace, wuru-wuru ne aka saka masa rigar sa'a. Na kuma gwada wani na kwamfuta mai rubutu zalla da yake can ɗaya ƙarshen, shi kuma in retin ɗinka 85 na abokin karawa 80 to ka ci an gama, ko kallon sakamakon ba sai kayi ba. Kwana huɗu nayi na goge shi, barci yake sani.

Shi yasa tambayar da na sa a kan rubutun nan ma inaga ban yita daidai ba. Dara babu sa'a a cikinta ko ƙwayar zarra, in tsoho ya fika to ya fika, ku kwana a gindin bishiyar nan bazaka ci shi ba. Lido kuma yaron goye ma zai iya cinye ka in shida tana binsa. Ƙwallon kwandon jami'a tafi kama da karta ko wot, ba kai kake zaɓar abinda za'a raba maka ba, hannu ɗaya kowa zai iya ci, amma ku zauna daga isha'i zuwa sha biyu zaka ga wanda ya iya. Matsalar ita ce gasar Maris hannu ɗaya ake bugawa a tashi.

Yanzu mu koma kan minti shidan ƙanena. Duk yadda ka gajarta wasa to ka ƙara wa sa'a ƙarfi ka rage wa gwaninta. Wasan jami'a na gaske kowace ƙungiya takan riƙe ƙwallo wajen sau sittin da wani abu zuwa saba'in, a cikin waɗannan ne bambancin ƙarfi yake taruwa kaɗan-kaɗan har ya zama tazara. Ka yanke wasan zuwa minti 12 gaba ɗaya ka bar ƙasa da sulusin wannan, to uku-uku guda biyu na bazata sun isa su kashe ka babu lokacin ramawa. Ita kanta Virginia abinda ya taimaka wajen kasheta kenan, salonsu jan wasa ne a hankali fiye da kusan kowa a ƙasar, da aka basu tazara sai ya zama basu saba gudu ba. Ƙananan ƙungiyoyi sun san wannan sarai, shi yasa suke cinye agogo suna harbi daga nesa, so suke su mayar da dara ta koma lido. Shi kuma ƙanena da hannunsa ya shiga saitin yayi musu wannan aikin kyauta. Ni minti 15 nake sawa a kowane rabi, ranar da nake da lokaci da man janareta 20 cif, kuma tunda na koma haka abin mamakin ya ragu, wanda ya rage kuma in na duba ina ganin ta inda ya shigo. Gem ɗin yana da silaidoji da yawa da zaka ja ka rage ko ka ƙara shigar jifa da yawan fawul da gajiya, shawarata kar ka taɓa su da zafin an ci ka, ka bari sai ka buga wasa goma ka duba alƙaluman gaba ɗaya.

Akwai abu ɗaya da gem ɗin yake sa hannu a sikeli, kuma mun yi musu akansa da abokaina, wato ma'aunin 'yan kallo da suke kira 6th Man. In kana gida kayi dank, wato ka yi tsalle ka dankara ƙwallo a kwando, ko ka tare jifa ko ka ƙwace ƙwallo, ihu yana ƙaruwa ma'aunin yana cika, in ya cika yaranka su ƙara kuzari baƙi kuma su rikice. Wani abokina yace to ai wannan ma rinto ne. Ni a gurina bambancin shine a fili yake, ga shi nan a allo kana kallon yana hawa, kasan me ya cika shi, kuma kana da maganinsa, ka nemi hutun koci ka tsayar da wasa ko ka zura ƙwallo ɗaya mai sanyi filin yayi tsit. Kuma a gaske haka abin yake, filin Duke mutum 9,314 kawai yake ɗauka amma ɗalibai suna tsaye a bakin layi kamar zasu taɓa ka, duk wanda ya taɓa ganin baƙuwar ƙungiya ta zo wa Pillars a Sani Abacha ranar da filin ya cika ba sai an masa dogon bayani ba. In an zo gasar Maris kuma ba gidan kowa bane, sai ka ga ƙungiyar da ta saba fakewa da ihun gida ta tsaya tsirara.

Layin jifan kyauta shima sun kama shi yadda yake. A dokar jami'a daga fawul na bakwai a rabi sai ka zura na farko kafin a baka na biyu, sai an kai na goma ake baka biyu kai tsaye. Wannan 'yar dokar ta kashe manya ba adadi. Memphis ta Derrick Rose a fainal ɗin 2008 tana gaba da maki 9 saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, ta zubar da huɗu cikin jifan kyauta biyar na ƙarshe, Mario Chalmers na Kansas ya zura uku saura daƙiƙa biyu aka tafi ƙarin lokaci Kansas ta ci 75 da 68. A gem ɗin in ka ɗebo dogaye masu dank ka manta da duba wannan retin ɗin lokacin farauta, to ka ajiye wa kanka bashi, kuma a Maris ake zuwa karɓa. Yanzu ni duk yaron da zan ba ƙwallo a minti biyun ƙarshe sai na duba hannunsa a layi kafin in duba tsallensa.

Abubuwan da ya kamata mai nema ya sani, a gurguje. Tsoho ne kuma dokokin zamaninsa yake bi, agogon jifa daƙiƙa 35 ne ba 30 na yanzu ba, layin maki uku na kusa ne mai ƙafa 19 da inci 9, gasar ƙungiya 65 ce ba 68 ba, rukunonin makarantu na da ne tun ana kiran wani rukunin Pac-10, kuma babu wannan kasuwar ta yanzu da yara suke karɓar kuɗi tun 2021 suna sauya makaranta duk shekara. 'Yan wasan farko babu sunayensu sai matsayi da lambar riga, amma bayan sizin huɗu duk sun gama an koma yaran da gem ya ƙirƙira, waɗanda dama su ne zaka shaƙu dasu. Sabar intanet ɗinsa an rufe tuntuni, masu son sabon jerin 'yan wasa da filash suke sawa. Sai kana jin Turanci daidai gwargwado saboda menu ne birjik. Faifan asali kuma yayi tsada a kasuwar 'yan gwanjo ta intanet saboda masu nema sun fi kayan yawa, ni wani ɗan'uwa ne ya haɗo min shi cikin kaya, in ka ganshi a tulin tsofaffin faifai a kasuwa an haɗa shi kuɗi ɗaya da sauran ka ɗauka kar ka nuna zumuɗi. In kai mai son ka kunna ka lallasa kwamfuta ka kwanta ne, ba naka bane, nemi wani. In kuma kana iya zama awa guda kana duba yaran sakandare na ƙarya kana tunanin wa zai cike maka gurbi nan da shekara biyu, kuma zuciyarka zata iya ɗaukar a rushe maka duka cikin dare ɗaya, ni a gurina tara cikin goma ne.

Jiya da daddare na shiga ɗaki na tarar da ƙanena ya kunna, bai goge sebin ɗin ba kamar yadda ya rantse zai yi, na lura har ya mayar da rabin wasa minti 12. Yana wuce allon ƙarshen sizin sai ga saƙo, dogon nasa na tsakiya, wanda ya kwashi fawul ɗin nan ya jawo masa duk wannan, ɗan aji biyu ne kuma saura shekara biyu ya more shi, wai ya yanke shawarar tafiya NBA. Ya juyo ya kalleni.

"Yaya, to wannan kuma wane lissafin zaka kawo min?"

Nace matsa min in ga jerin yaran da suka rage basu sa hannu ba, akwai wani mai tauraro uku ɗan ƙafa 6 da inci 10 da na hango tun ɗazu.